Tarihin Tomas Bata, badukun da ya gina birnin Zlin

Sunan Bata ba baƙo ba ne ga duk wanda ya sa takalmin makaranta a Najeriya cikin shekarun 1970 da 1980. A Kano ma akwai wurin da ake kira Bata a kusa da kasuwar Sabon Gari. Sai dai ba kowa ya san cewa suna ne na wani baduku ɗan ƙasar Cek ba, wanda ya fara sana'a da ɗan abin da mahaifiyarsa ta bari, ya kuma rasu a matsayin ɗaya daga cikin manyan masu masana'antu a nahiyar Turai.

Tomas Bata ya bai wa ma'aikatansa albashi mai tsoka da gidaje da makarantu da asibiti, a zamanin da leburan Turai bai saba ganin irin wannan ba. A hannu guda kuma ya riƙe linzamin rayuwarsu, tun daga wurin aiki har zuwa cikin ɗakunansu. Wannan ne ya sa har yau ake tafka muhawara a kansa a Jamhuriyar Cek.

Haihuwa da tasowa

An haifi Tomas Bata a ranar 3 ga watan Afrilun 1876 a garin Zlin da ke yankin Moraviya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Zlin ƙaramin gari ne a tsakanin tuddai, mai ƙarancin albarkatun noma, kuma mazaunansa ba su wuce mutum dubu uku ba.

Ɗinkin takalma gado ne a gidansu, domin kakanninsa sun shafe fiye da shekara ɗari biyu suna wannan sana'a. Mahaifinsa Antonin yana da ɗan shagon ɗinki, inda yaron ya koyi yanka fata da ɗaura ta a kan ƙirar ƙafa tun kafin ya mallaki hankalinsa. Mahaifiyarsa Anna ta rasu yana ƙarami, daga bisani mahaifin ya sake aure ya koma da iyalinsa garin Uherske Hradiste.

Bata bai yi karatu mai zurfi ba. Yana ɗan saurayi ya tafi garin Prostejov ya kama aiki a wani kamfani mai ƙera injinan ɗinkin takalma, kuma a can ne ya fara ganin abin da inji zai iya yi a sana'ar da ya sani ta hannu. Bayan haka ya gudu zuwa birnin Vienna wurin yayarsa Anna da nufin kafa nasa shagon, amma abin bai yi ba, sai mahaifinsa ya je ya dawo da shi gida, inda ya ci gaba da kai takalma kasuwanni.

Jarin farko da bashin farko

A shekara ta 1894 Tomas da yayansa Antonin da yayarsa Anna suka karɓi gadon mahaifiyarsu, kuɗin Ostiriya gulden 800, suka koma Zlin suka buɗe nasu wurin ɗinki. Tomas na da shekara 18 a lokacin.

Shekara guda kacal bayan haka bashi ya yi musu katutu. An kira Antonin aikin soja, nauyin komai ya koma kan Tomas. Maimakon ya bayyana karayar arziki kamar yadda aka saba, sai ya zauna a kan benci tare da ma'aikatansa yana ɗinki, shi ne mai ɗauko fata a bayansa daga tashar jirgin ƙasa, shi ne kuma mai rubuta lissafi da dare, har ya biya masu binsa.

Abin da ya fitar da shi daga ƙangi shi ne wani sabon takalmi da ya fito da shi a 1897. Saboda tsadar fata, sai ya ɗinka saman takalmin da yadin kambas, ya bar fata a tafinsa da bakinsa kawai. Takalmin ba shi da nauyi, kuma talaka na iya sayensa. Jama'a suka laƙaba masa suna batovka, aka yi ta rububinsa har a Vienna. Da ribar ce ya sayo injina daga Jamus, sannan a 1900 ya gina masana'anta a gefen sabuwar tashar jirgin ƙasa ta Zlin.

A ƙarshen 1904 ya ɗauki wasu ma'aikatansa suka tafi Amurka, inda ya kama aikin lebura a masana'antun takalma na garin Lynn da ke jihar Massachusetts. Ya dawo da sababbin injina da kuma aƙidar cewa kowane minti na ma'aikaci kuɗi ne. Saurin aikin da ya ƙaƙaba bai yi wa kowa daɗi ba, kuma a 1906 ma'aikata suka shiga yajin aiki. Bata ya sallami masu yajin, ya ɗauki sababbin hannu ya koya musu aiki, kuma tun daga nan bai sake bai wa ƙungiyoyin ƙwadago fuska a masana'antarsa ba.

Antonin ya rasu da tarin fuka a 1908. Anna kuwa ta riga ta yi aure ta janye, saboda haka kamfanin ya zama na Tomas shi kaɗai. A 1912 ya auri Marie Mencikova, 'yar wani jami'in ɗakin karatu na fadar sarki a Vienna, suka haifi ɗa guda a 1914, wanda aka sa masa sunan mahaifinsa.

Yaƙi da karya farashi

Da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a 1914, Bata ya garzaya Vienna ya samo kwangilar ɗinka wa sojojin daular takalma ƙafa dubu 50, wasu kwangilolin kuma suka biyo baya. Wannan ya ceci ma'aikatansa da dama daga zuwa fagen daga, domin an ɗauke su a matsayin masu yi wa rundunar soja hidima. Yawansu ya tashi daga kimanin 400 a farkon yaƙin zuwa kimanin 4,000 a ƙarshensa. Cikin waɗanda suka yi aiki a masana'antar a wannan lokaci har da fursunonin yaƙi 'yan Rasha.

Ƙarshen yaƙin ya zo da sabuwar ƙasa, wato Cekoslovakiya, wadda aka kafa a watan Oktoban 1918. Ya kuma zo da babbar matsala ga masu masana'antu. Babbar kasuwar daular ta tarwatse zuwa ƙananan ƙasashe, kowace da nata kuɗin fito. Kwangilar soja ta ƙare, jama'a kuma ba su da abin hannu. A 1922 darajar kuɗin ƙasar, wato krona, ta yi tashin gwauron zabo, har kayan Cekoslovakiya suka gagari masu saye a waje. Rumbuna suka cika da kayan da babu mai taya su, kamfanoni suka yi ta rufewa.

A ranar 1 ga watan Satumban 1922 Bata ya karya farashin takalmansa da rabi. Ya kuma rage albashin ma'aikata da kashi 40 cikin ɗari, tare da alkawarin sayar musu da abinci da tufafi da sauran kayan masarufi a rabin kuɗinsu. Jama'a suka yi dafifi a kantunansa, rumbunan suka zama wayam, ya samu tsabar kuɗi masu daraja ya sayi ɗanyen kaya da araha. Abokan gogayyarsa da dama ba su sake farfaɗowa ba.

Tsarin Bata

Bata ya ziyarci masana'antar motoci ta Henry Ford a Amurka bayan yaƙin, kuma ya ɗauko darasi daga can, amma tsarin da ya shimfiɗa a Zlin daga 1924 nasa ne na kansa. Ya raba masana'antar zuwa ƙananan sassa masu cin gashin kansu. Kowane sashe yana sayen kayan aiki daga sashen da ke gabansa, ya sayar wa na bayansa, kuma ana fitar da lissafin ribarsa ko faɗuwarsa a kowane mako, a manna kowa ya gani.

Idan sashe ya ci riba, shugabansa da wani kaso na ma'aikatansa suna samun rabonsu. Ana ba su wani ɓangare a hannu, sauran kuma a zuba a asusun ajiyarsu na kamfanin, inda yake samun ƙarin kashi 10 cikin ɗari a shekara. Idan kuma aka ɓata kaya ko aka yi sakaci, daga wannan ajiya ake cire asarar. Ta haka kowane ma'aikaci ya zama mai sa ido a kan ɗan'uwansa, kuɗin ma'aikatan kuma suka zama jarin da kamfanin ke juyawa ba tare da ya dogara ga bankuna ba.

A 1927 ya shigo da dogon bel mai tafiya da kansa, wanda ke kawo wa kowane ma'aikaci takalmi ya yi masa aiki guda ya wuce. Ya mallaki majemarsa da masana'antar roba da ta ƙera injina, da wurin buga takardu da jarida, da kuma ɗaruruwan kantuna da ke sayar da takalmin kai tsaye ba tare da dillali ba. Ya shahara da sanya farashi mai ƙarewa da lamba 9, kamar krona 29 ko 49, abin da mutanen Cek ke kira farashin Bata har yanzu. A 1928 Cekoslovakiya ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da takalma zuwa waje a duniya, kuma mafi yawansu daga Zlin suke fitowa. A 1930 ya mayar da ranakun aiki biyar a mako.

Mai kamfani kuma magajin gari

A 1923 Bata ya tsaya takarar magajin garin Zlin, ya kayar da jam'iyyun siyasa ciki har da ta 'yan kwaminis. An sake zaɓensa a 1927 da 1931, kuma ma'aikatansa ne suka cika majalisar garin. Daga nan da wuya a bambanta inda ikon kamfani ya tsaya da inda na hukumar gari ya fara.

Ya ɗauko masu zanen gine-gine irin su Frantisek Gahura da Vladimir Karfik, suka tsara gari mai lambuna a kewaye da masana'anta. An gina wa ma'aikata fiye da gidaje dubu na jan bulo, masu shimfiɗaɗɗen rufi, kowanne da ruwan famfo da wutar lantarki da makewayi da ɗan lambu, a kan haya mai rahusa da ake cirewa daga albashi. A 1927 aka buɗe asibitin Bata. Aka gina makarantu da babban kanti da gidan silima mai ɗaukar mutum fiye da dubu biyu. Yawan mazauna Zlin ya tashi daga ƙasa da 5,000 a 1921 zuwa fiye da 21,000 a 1930.

A 1925 ya kafa makarantar koyon aiki, wadda ke ɗaukar yara maza masu shekara 14, akasarinsu 'ya'yan talakawan karkara, daga bisani aka ƙara da 'yan mata. Da rana suna aiki a masana'anta, da yamma su shiga aji su koyi lissafi da harsunan waje, su kwana a gidajen kwanan ɗalibai ƙarƙashin doka mai kama da ta soja. Kowane yaro sai ya rubuta yadda ya kashe albashinsa ya nuna wa mai kula da shi. Daga wannan makaranta aka samu manajojin da suka tafi da sunan Bata zuwa Asiya da Afirka. Shi ma Emil Zatopek, ɗan tseren da ya ci lambobin zinariya uku a wasannin Olamfik na Helsinki a 1952, a masana'antar Zlin ya fara aiki yana matashi, bayan rasuwar Bata.

Ƙorafe-ƙorafe

Duk waɗannan alherai suna tafe da sharaɗi. Sashen kula da ma'aikata yana da fayil a kan kowa, kuma jami'ansa kan shiga gidaje su duba tsafta da zaman iyali da yadda ake kashe kuɗi. Bata ya tsani shan giya, kuma mashayi ba ya daɗewa a wurinsa. Wanda aka gano yana hulɗa da 'yan kwaminis ko yana neman kafa ƙungiyar ƙwadago, sallama ce makomarsa. Matar da ta yi aure galibi takan bar aiki ta zauna a gida. Mafi tsanani shi ne cewa gidan na kamfani ne, don haka duk wanda ya rasa aikinsa ya rasa muhallinsa, kuma babu wani wurin neman aiki na kirki a garin.

A wajen Zlin kuwa, ƙananan dukawa ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Dubban masu ɗinkin hannu sun kasa gogayya da farashinsa, kuma da suka koma gyaran tsofaffin takalma, sai ya buɗe wuraren gyara a kantunansa. Ƙungiyoyinsu sun yi ta zanga-zanga suna neman gwamnati ta taka masa birki. A 1928 wani ɗan jarida mai suna Rudolf Philipp ya wallafa littafi da Jamusanci yana siffanta shi da ɗan kama-karya, aka yi ta shari'a a kai. A 1933 kuma wani tsohon ma'aikacin kamfanin, Svatopluk Turek, ya fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna Botostroj a kan yadda inji ke tatse ɗan Adam, kamfanin ya kai ƙara kotu.

Magoya bayansa sun kare shi da cewa albashin Zlin ya zarce na sauran masana'antun ƙasar, kuma a kullum masu neman aiki sun fi guraben da ake da su yawa.

Haɗarin jirgi

Durƙushewar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929 ta sa ƙasashe suka ɗaga kuɗin fito domin kare masana'antunsu. Bata ya ga cewa tun da an hana takalminsa shiga, to sai ya kai masana'antar can. Ya fara gina ƙananan garuruwa irin na Zlin a Jamus da Yugoslaviya da Polan da Faransa da Suwizalan, ya kuma shirya na Ingila. Daga watan Disambar 1931 zuwa Fabrairun 1932 ya yi doguwar tafiya a jirginsa na sama zuwa Indiya, domin ya lura cewa kasuwa mafi girma tana wurin miliyoyin mutanen da ke tafiya babu takalmi. Duk da haka, a farkon 1932 sai da ya sallami dubban ma'aikata a gida.

Da sanyin safiyar ranar 12 ga watan Yulin 1932 ya hau jirgi a Otrokovice, kusa da Zlin, da nufin zuwa garin Mohlin na Suwizalan inda ake gina sabuwar masana'anta. Hazo ya rufe ko'ina, amma ya nace sai an tashi. Jim kaɗan bayan tashinsa jirgin ya faɗi, Bata da matuƙinsa Jindrich Broucek suka mutu. Yana da shekara 56. A lokacin kamfanin na ɗinka takalma fiye da ƙafa miliyan 30 a shekara, yana kuma da ma'aikata wajen dubu 30 a gida da waje.

Bayan rasuwarsa

Da yake ɗansa bai wuce shekara 17 ba, ƙanensa da suke uba ɗaya, Jan Antonin Bata, shi ya karɓi ragama. A zamaninsa aka gina garin Batanagar a kusa da Kalkata, da kuma dogon bene mai hawa 16 a Zlin, wanda aka yi wa shugaban kamfanin ofis a cikin na'urar hawa da sauka.

Sojojin Hitler sun mamaye ƙasar Cek a 1939, ɗan marigayin ya koma Kanada, Jan Antonin kuma ya ƙare a Burazil. A watan Oktoban 1945 gwamnati ta mayar da masana'antun Zlin mallakarta. A 1947 wata kotu ta yanke wa Jan Antonin hukuncin ɗauri a bayan idonsa bisa zargin rashin mara wa masu yaƙi da 'yan Nazi baya, hukuncin da aka soke a 2007, shekaru da dama bayan mutuwarsa. 'Yan kwaminis da suka karɓi mulki a 1948 sun sauya sunan kamfanin zuwa Svit, garin kuma zuwa Gottwaldov, sunan shugabansu Klement Gottwald. Tsawon shekara 40 ana koyar da yara cewa Bata misali ne na azzalumin ɗan jari-hujja.

A wajen ƙasar kuwa, ɗansa ya sake gina kamfanin daga Kanada, ya faɗaɗa shi a Afirka da Asiya da Latin Amurka, ciki har da Najeriya, inda ya buɗe masana'anta a Legas da kantuna a manyan birane. A ƙasashe da dama mutane sun ɗauka kamfanin gida ne.

Da mulkin kwaminis ya faɗi, ɗan nasa ya ziyarci Zlin a watan Disambar 1989, dubban mutane suka fito tarbarsa. A 1990 aka mayar wa garin sunansa. Amma iyalin ba su samu masana'antar ba, domin dokokin mayar da dukiya sun shafi abin da aka ƙwace ne bayan watan Fabrairun 1948 kawai. Kamfanin Svit ya kasa jure gogayya da takalma masu araha daga Asiya, ya durƙushe a wajajen shekara ta 2000.

Abin da ya rage a yau

Jamhuriyar Cek, wadda ta rabu da Slovakiya a 1993 ta kuma shiga Tarayyar Turai a 2004, tana cikin ƙasashen Turai da suka fi dogara ga masana'antu. Sai dai manyan masana'antun na baƙi ne. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya shiga Skoda tun 1991, Toyota da Hyundai ma suna ƙera motoci a ƙasar. Rashin aikin yi ya daɗe yana cikin mafi ƙaranci a Tarayyar, amma albashi bai kai na maƙwabciyarta Jamus ba, kuma riba mai yawa na fita waje. Idan ana wannan ƙorafi, sunan Bata kan fito a matsayin ɗan ƙasa da ya kai nasa kamfanin waje.

Haka abin yake a batun muhalli. Cikin 'yan shekarun nan ƙasar ta sha kasancewa cikin waɗanda sayen gida ya fi wuya a Turai, inda sabon gida ke cin fiye da albashin shekara goma, musamman a birnin Prag. Ma'aikata baƙi daga Yukren da wasu ƙasashe sukan zauna a gidajen kwana da masu ɗaukarsu aiki ke samarwa, kuma kamar a Zlin ta da, rasa aiki na nufin rasa wurin kwana. A siyasa ma, lokacin da hamshaƙin ɗan kasuwa Andrej Babis, wanda ya fara zama firayim minista a 2017, ya yi kamfe da cewa a tafiyar da ƙasa kamar kamfani, magoya bayansa da masu sukarsa duk sun koma kan tarihin Zlin suna kafa hujja.

A garin kansa, an buɗe jami'a mai ɗauke da sunan Tomas Bata a 2001. Benen nan mai hawa 16 ya zama ofishin hukumar yankin Zlin, wasu gine-ginen masana'antar kuma sun koma gidan tarihi da ɗakin karatu da shaguna. Gidajen jan bulon suna nan da mutane a ciki, kuma galibinsu sun zama mallakar masu zaman kansu. An binne Bata a maƙabartar da ke cikin dajin bayan gari, wadda aka buɗe a shekarar da ya rasu, kabarinsa na kusa da na matuƙin jirginsa.